Ba Zan Sa Hannu a Janye Dakatarwar Kibiya Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan zama, shugaban hukumar gasarmu da mataimakansa, masu ƙungiyoyi da shugabanninsu, masu horar da 'yan wasa, 'yan uwana alƙalan wasa na da da na yanzu, wakilan 'yan wasa, 'yan jarida da ke tsaye can baya da na'urorinsu, magoya baya da suka cika kujeru har suka tsaya a bakin ƙofa, iyayenmu mata da maza, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku, ina yi muku barka da zuwa.

Ina gode wa Allah da ya kawo mu wannan rana. Ina gode wa shugaban zama da ya ba ni dama in yi magana kafin a kaɗa ƙuri'a, domin na san akwai waɗanda suka so a kaɗa ba tare da an ji bakina ba. Ina kuma gode wa matasan da suka tare ni a ƙofar shigowa suna kirana makaho. Ban ji haushi ba. Shekara ashirin da shida na yi ina hura usur a fili, kuma babu makon da ba a kira ni makaho ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta sha zagi a bakin mutanen da ba su taɓa ganinta ba, har takan tambaye ni in na dawo gida, “Yau me na yi musu kuma?” Saboda haka wanda yake son ya girgiza ni da ihu, ya makara.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne shugaban kwamitin ladabtarwa na wannan gasa. Abu biyu ne a gabanku yau. Na ɗaya, a janye dakatarwar shekara guda da kwamitina ya yi wa ɗan wasan gaban nan da kuke kira Kibiya, domin ya buga wasan ƙarshe na kofi nan da kwana tara. Na biyu, a goge sashen dokarmu da ya ce ana hukunta ɗan wasa a kan dukan da ya yi ko da ba a fili ya yi shi ba. An kuma raɗa mini, ba a rubuce ba, cewa idan na ƙi sa hannu a na ɗayan, akwai na uku da zai biyo baya, wato a sauke ni. To, ku ji da kyau tun yanzu, don kada a ɓata lokacin kowa: ba zan sa hannu ba. Amma ba zan ƙi ba tare da na gaya muku dalili ba, kuma dalilin ba zai yi mini daɗin faɗa ba.

Abu na farko. Kibiya ɗan ƙanwata ne. Uwarsa ce ke bi mini, ciki ɗaya. Kawu yake ce mini. Mahaifinsa ya rasu da wuri, a gidana ya tashi, ni na fara kai shi filin atisaye, ni na koya masa yadda ake tsayuwa kada a kama mutum da satar gida. Duk ƙwallon da ya zura a raga, in ina gida ni kaɗai, nakan yi tsalle kamar kowane ɗayanku, duk da ciwon gwiwata. Don haka wanda ya rubuta cewa ƙiyayya ce ta sa na dakatar da shi, ko hassada, ko wata ƙungiya ce ta juya ni, ya je ya sake bincike.

Abu na biyu, laifina ne, kuma gara ku ji shi daga bakina. Shekara huɗu da suka wuce, ana saura minti goma a tashi wasa, aka yi bugun kusurwa. Kibiya ya yi tsalle tare da wani ɗan wasan baya da ake kira Katanga, ya kai masa gwiwar hannu a muƙamuƙi. Na kalli hoton bidiyon sau goma sha ɗaya. Kafin ƙwallon ya taso, Kibiya ya waiwaya, ya duba inda fuskar mutumin take, sannan ya kai hannu. Ba kuskure ba ne. Dokarmu ta ce wasa takwas. Ƙungiyarsa ta ɗaukaka ƙara, manya suka yi ta kira, ƙanwata ta zo gidana ta zauna tana kuka, ta ce, “Yaya, yaro ne, zafin wasa ne, kada ka kashe masa kasuwa yana tashi.” Sai muka nemo wa abin suna mai laushi, muka ce ganganci ne ba mugunta ba, muka mayar da shi wasa biyu. Ni na sa hannu.

Bayan mako guda na je asibiti duba Katanga. An ɗaure masa haƙora da waya, ba ya iya buɗe baki, ta bututu yake shan abinci. Matarsa tana zaune a gefen gado tana fifita masa. Na gaishe shi, na ce Allah ya sawwaƙe. Ya miƙa hannu ya ɗauki biro da takardar maganin da ke kan durowa, ya yi rubutu a bayanta, ya miƙo mini. Kalma biyu ce kawai: “Wasa biyu?” Na yi masa sallama na fita. Kibiya ya dawo fili bayan kwana goma sha huɗu, kuka tarbe shi da ganguna. Katanga bai sake buga wasa ba har yau, domin in ya sa kai ya doki ƙwallo sai jiri ya kwashe shi. Yanzu gyaran taya yake yi a bakin titi. A ranar ce muka koya wa Kibiya darasi, ni da ku: cewa in ƙafarka tana cin ƙwallo, hannunka yana da izinin yin abin da ya ga dama.

Abu na uku shi ne abin da ya tara mu. Wata biyar da suka wuce, ran Litinin da safe, ina ofishin kwamiti a hawa na biyu, ina jera rahotannin alƙalan wasa na ƙarshen mako, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Matar Kibiya ce. Tela ce, tana da kekuna uku a shagonta, rabin rigunan da 'ya'yana mata suke sawa ita ta ɗinka su. Ta shigo hannunta na dama a ɗaure, rataye a wuya, takardar asibiti a hannun hagu. Wanta ya rako ta, ya tsaya a waje.

Ta ce ranar Asabar ya ɓarar da bugun fanareti. Ran Lahadi da hantsi yana zaune a falo yana ta maimaita kallon bugun, sai ta ce masa ya kashe bidiyon ya zo ya ci abinci, abin da ya wuce ya wuce. Shi ke nan laifinta. Ya tashi ya murɗe mata hannu ta baya, ya danna ta a kan teburin keken ɗinkin da take aiki da shi a gida, har ƙashin ya karye wuri biyu.

Jama'a, kun san abin da na fara ce mata? Ni, shugaban kwamitin ladabtarwa, da littafin doka buɗe a gabana? Na ce, “'Yata, ki yi haƙuri, ki bari mu yi maganar nan a gida.”

Ta dube ni, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, “Kawu, sau uku ana yin ta a gida. A na biyun kana wurin, kai ka ce ya ba ni haƙuri, ya ba ni.”

Gaskiya ta faɗa. Sai ta ajiye takardar a kan teburina, ta ce, “Tambaya ɗaya na zo da ita, Kawu. Da a ce ni alƙalin wasa ce, ya karya mini hannu haka, wasa nawa za ku dakatar da shi?”

Na san amsar, kowa a zauren nan ya san ta. Wanda ya ture alƙalin wasa, turewa kawai, wasa goma. Wanda ya tofa masa yawu, wasa goma sha biyu. Wanda ya ji masa rauni, sai ya nemi wata sana'ar. Mun san darajar jikin alƙalin wasa, mun rubuta ta lamba-lamba. Darajar jikin matar ɗan wasa ce muka ce a je a sasanta a gida.

Na kira zaman kwamiti. Na bayyana cewa wanda ake ƙara ɗana ne, na fita daga ɗakin, na zauna a benci a baranda har aka gama. Mutum huɗu suka saurari ƙarar. Suka ga takardar likita, suka ji ta bakinta, suka ji ta bakinsa. Kuma bai musa ba. Cewa ya yi, “Na murɗe, amma ban yi niyyar karyawa ba.” Su huɗun suka yanke shekara guda, tare da sharaɗin zai riƙa zama da likitan da ke taimaka wa masu saurin fushi, zama goma sha biyu. Ba ni na yanke ba. Amma doka ta ce hukunci ba ya aiki sai shugaba ya sa hannu. Aka kawo mini takardar a baranda, na ɗora ta a kan gwiwata, na sa hannu.

Da la'asar ƙanwata ta zo gidana. Matata ta kawo mata kujera, ta ƙi zama. Ta tsaya a tsakar gida ta ce, “Yaya, ni na haife shi, amma kai ka raine shi. Ashe za ka iya tona masa asiri a gaban duniya?” Na ce, “Ba ni na tona ba, hannun yarinyar nan ne ya tona.” Ta ce, “To, ka riƙe dokarka, ni zan riƙe ɗana.” Ta juya ta fita. Wata biyar ke nan, in na kira ba ta ɗauka. An yi suna a danginmu, ta ga na shigo ta ƙofar gaba, ta fita ta baya. Wannan matar ni na goya ta tana jaririya. Don haka kada wani ya tsaya a nan ya koya mini abin da hukuncin nan ya ci. Na fi ku sanin abin da ya ci.

Yanzu in zo ga hujjojinku, domin na karanta su duka.

Kun ce harkar cikin gida ce, ba ruwan ƙwallo da ita. To, ina tambaya. In ɗan wasa ya yi ƙiba a lokacin hutu, kuna hukunta shi, alhali a gidansa ya ci abincin. In ya sa takalmin wani kamfani ba wanda kuka yi yarjejeniya da shi ba, kuna hukunta shi, ko da a gidan biki ya sa. In ya rubuta wata magana a wayarsa ta ɓata wa shugaban ƙungiya rai, kafin rana ta faɗi kun kira shi ofis. Kun shiga tukunyarsa, kun shiga ɗakin kayansa, kun shiga wayarsa, ba ku taɓa cewa harkar cikin gida ce ba. Sai da aka zo kan ƙashin mace kuka tuna cewa gida yana da ƙofa.

Kun ce a bar wa kotu. Kotu tana da aikinta, kuma ƙarar tana gabanta, ba mu tare mata hanya ba. Mu ba mu ɗaure kowa ba, ba mu da gidan yari. Abin da muke da shi riga ce da fili, kuma mu ke da ikon cewa wa zai sa rigar, wa zai shiga filin. Wanda ya yi wa abokin wasansa ƙeta, ba ma jiran alƙalin kotu kafin mu ɗaga jan kati. Mutumin nan kuwa ya amsa da bakinsa. Me kuma muke jira?

Kun ce ya horu, wata biyar ya isa. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni takaici, kuma ina so shugaban ƙungiyarsa, da ke zaune a layi na gaba, ya saurare ni. Kibiya ya fara zuwa wurin likitan. Ya je zama bakwai, bai fasa ko ɗaya ba. Likitan ya rubuto mana cewa a zama na biyar ne ya fara daina cewa “ita ta ja”, ya fara cewa “ni na yi”. Sannan sai ya daina zuwa. Ran Alhamis da ta wuce na je na same shi a filin atisaye da rana, yana zagaye filin shi kaɗai. Ya gan ni, ya tsaya, bai gaishe ni ba. Na ce, “Me ya hana ka komawa wurin likita?” Ya ce, “An ce mini ba sai na koma ba, Kawu. An ce za a gyara maganar a taro.” Na ce, “Kai fa, me ka gani?” Ya kalli ciyawa, ya ce, “Ni ban sani ba. In na buga ƙwallo ba na tunanin komai. In na zauna a ɗakin mutumin nan, sai in riƙa jin ƙarar da hannun ya yi.”

Ranka ya daɗe, wannan ƙarar ita ce abu mafi amfani da ya taɓa shiga kunnen yaron nan, kuma ita kuke so ku rufe da ihun 'yan kallo. Kun ce kuna ƙaunarsa. Ƙafarsa kuke ƙauna. Nan da shekara biyar ƙafar za ta gaji, za ku sami wani Kibiyar, ku rera masa waƙa, shi kuwa wannan za ku maido mana shi gida da hannuwansa biyu da halinsa, mu da matar da zai zauna da ita a lokacin mu san yadda za mu yi.

Kun ce, kuma wannan ita ce gaskiyar maganar, sauran duk ado ne, kun ce in babu shi ba za a ci kofi ba. Wataƙila. Ni ma ina son a ci. Amma in dokarmu tana aiki a kan ɗan benci, tana barci a kan mai cin ƙwallo, to ba doka ba ce, jerin sunayen waɗanda ba mu buƙata ne. A bara mun kori wani mai tsaron gida na ƙaramar ƙungiya saboda ya fasa wa direban motarsu baki. Wa ya kira taro dominsa? Wa ya buga ganga? Ko sunansa ba ku tuna ba. In kun janye wa Kibiya yau, ku aika a nemo wancan ku ba shi haƙuri, ku gaya masa laifinsa ba duka ba ne, laifinsa shi ne bai iya ƙwallo sosai ba.

Ku kuma 'yan wasa da ke nan, ina magana da ku kai tsaye. Kada ku ɗauka ni abokin gabarku ne. Dokar da ta hana ku taɓa matanku ita ce ta hana wani ya fasa muku muƙamuƙi ya dawo fili bayan sati biyu. Guda ɗaya ce, ba a raba ta. Duk wanda ya ce muku zai goge rabinta ya bar muku rabi, yaudararku yake yi.

Mai girma shugaba, ba ni da ikon hana wannan zauren yin abin da ya ga dama. Kuna da yawa, ni ɗaya ne. Kuna iya goge sashen, kuna iya sauke ni, kuna iya naɗa wanda zai sa hannu kafin a tashi. Na taɓa sa hannu sau ɗaya a kan abin da na san ba daidai ba ne, na ga inda ya kai mu, ba zan ƙara ba, ko da zan rasa kujerar, ko da ƙanwata ba za ta sake yi mini magana ba har in koma ga Allah.

Roƙo ɗaya nake da shi, kuma dokar zamanmu ta ba kowane wakili damar yin sa. An shirya akwati da ƙananan takardu don a yi ƙuri'a a ɓoye. Ina neman a ajiye akwatin, a yi ta a fili. Matar Kibiya tana cikin zauren nan. Ban gayyace ta ba, na ma roƙe ta kada ta zo, ta ce ai maganarta ake yi. Tana layi na ƙarshe kusa da taga, tare da wanta. An kwance mata ɗaurin, amma har yanzu ba ta iya riƙe almakashi, ta sallami masu ɗinki biyu, ta rufe shagon rabin mako. Ba ta zo yin magana ba, ba ta zo yin kuka ba, ta zo ta gani ne. Duk wanda ya yarda cewa abin da aka yi mata bai kai a rasa wasa ɗaya na kofi ba, ba na zaginsa, ra'ayinsa ne. Amma ya miƙe tsaye, ya juya ya fuskance ta, ya ɗaga hannunsa sama inda za ta gani, magatakarda ya rubuta sunansa. In kun iya haka, ku yi. Ni ina nan zaune, zan ƙirga tare da ku.

Allah ya ba ta lafiya, ya mayar mata da sana'arta. Allah ya sawwaƙe wa Katanga da duk wanda wasan nan ya raunata muka manta da shi. Allah ya shiryi ɗana, ya sanyaya masa zuciya, ya mayar da shi fili a ranar da ya cancanta, ba kafin nan ba. Allah ya huci zuciyar ƙanwata. Allah ya yafe mini sa hannun da na yi shekara huɗu da suka wuce. Allah ya ba shugabanninmu ƙarfin halin yin daidai a lokacin da daidai ba ta da magoya baya, ya tsare 'yan wasanmu a fili da gida, ya tsare mutanen gidansu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.